Tambayoyi da Amsoshi Kan Sabobin Gaba na Cibiyar Bayanai a Zariya

Waɗannan su ne tambayoyin da suka fi fitowa daga bakin ma'aikatan sashen kwamfuta na makarantu, asibitoci da ƙananan kamfanoni a Zariya duk lokacin da aka zo maganar sayen na'urorin da za su riƙe shafin rajista ko na biyan kuɗi. Garin da yake da Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru da Kongo, da asibitin koyarwa a Shika, da Kwalejin Fasahar Jiragen Sama, da Kwalejin Nuhu Bamalli, ba ya rasa ɗakunan sabobi manya da ƙanana, kuma dukkansu wuta ɗaya suke sha, zafi ɗaya da ƙura ɗaya suke fama da su.

Mece ce sabar gaba, kuma me ya bambanta ta da sauran sabobi?

Sabar gaba ita ce kwamfutar da buƙatar mai amfani da intanet take fara sauka a kanta. Idan ɗalibi a Sabon Gari ya buɗe shafin rajista a wayarsa, saƙon yakan bi layin kamfanin sadarwa, ya ratsa katangar tsaro, sannan ya iso wannan na'ura. Ita ce take buɗe kullen da aka yi wa saƙon, ta duba abin da ake nema, ta miƙa hotuna da rubutun da ba sa canzawa nan take, sannan ta tura abin da yake buƙatar lissafi ko bincike zuwa sabobin da suke bayanta, wato na manhaja da na rumbun bayanai. Matsayinta kamar na zaure ne a gida: a nan ake tarbar baƙo a ji abin da yake tafe da shi, amma ba a nan ake ajiye hatsi ba. Manhajojin da aka fi ɗora mata su ne Apache, wadda ta fito a 1995, da Nginx, wadda Igor Sysoev ya saki a 2004, da kuma HAProxy. Tun da ba ta riƙe da wani bayani da za a yi kukan rashinsa, ba a yi mata irin sayayyar da ake yi wa na'urar da take ɗauke da sakamakon jarrabawar ɗalibai na shekara 20.

Wace siffar na'ura ake saya don wannan aiki?

Galibi sirirai ake saya, waɗanda ake kira 1U. Ma'aunin U ɗaya shi ne inci 1.75, wato milimita 44.45, kuma ana jera su ne a cikin rak, wato kabad ɗin ƙarfe na sabobi, mai faɗin inci 19, wanda cikakkensa yakan ɗauki 42U. Jerin Dell PowerEdge R640 da R650 da HPE ProLiant DL360 duk wannan siffa ce. Abin da ake yawan mantawa shi ne zurfi. Irin waɗannan na'urori sukan kai santimita 70 zuwa 80 daga gaba zuwa baya, don haka ƙaramin rak mai zurfin santimita 60, wanda aka yi shi don wayoyi da suwic, wato na'urar da take haɗa kwamfutoci a layi ɗaya, ba zai haɗiye su ba, sai a ga an cire ƙofar baya ko an ɗora sabar a kan tebur. A nemi rak mai zurfin mita 1 ko fiye, a kuma tabbatar cewa ƙarafan da na'urar take zamewa a kansu suna cikin abin da aka biya.

Me zai hana a sayi babbar saba guda ɗaya mai ƙarfi a huta?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci, kuma amsarta ita ce kada a yi haka. Komai tsadar na'ura, akwai ranar da za ta tsaya: ko allon cikinta ya ƙone, ko a buƙaci kashe ta don sabunta manhajar tsaro, ko wani ya fizge waya bisa kuskure. Idan ita kaɗai ce, ranar nan shafin ya rufe baki ɗaya, kuma kayan gyaran da ba a ajiye ba daga Legas ko ƙasar waje za a jira su. Idan kuwa matsakaita 3 ne iri ɗaya, ɗaya ta faɗi, sauran 2 suna ci gaba da aiki, wanda yake cike fom a wayarsa ma ba zai san an yi ba.

Lissafin ba shi da wuya. A auna yawan na'urorin da ake buƙata a ranar da cunkoso ya fi yawa, kamar makon rajistar jarrabawar tantance masu neman gurbin karatu ko ranar ƙarshe ta biyan kuɗin makaranta, sannan a ƙara guda a kai. Idan na'urori 2 ne kawai, kada lodin kowace ya wuce rabin ƙarfinta, domin ranar da 'yar'uwarta ta tsaya ita ce za ta ɗauki duka. Idan 3 ne, kowace tana iya kaiwa kashi 2 cikin 3.

Akwai sharaɗi guda da masu manhaja za su cika kafin wannan tsari ya yi aiki. Bayanin da yake nuna cewa wane ya riga ya shiga da kalmar sirrinsa, da takardun da ya ɗora, bai kamata su zauna a kan sabar gaba ba. A ajiye su a baya, a rumbun bayanai ko a manhaja irin Redis ko Memcached, yadda kowace saba za ta iya amsa kowane mutum. In ba haka ba, duk lokacin da aka mayar da mutum wata na'ura sai shafin ya kore shi ya sake shiga daga farko.

Gaskiya ne cewa shugaban da zai sa hannu a takardar kuɗi yakan fi gamsuwa da na'ura ɗaya mai suna da tsada. Hujjar da ta fi shiga kunne a irin wannan zama gajera ce: ranka ya daɗe, idan wannan ɗin ta tsaya ranar rufe rajista, wace ce za ta karɓe ta?

Idan an yi sabobin gaba 3 na gaibu a cikin na'ura ɗaya, ba a cika sharaɗin samun sabobi da yawa ba?

Ba a cika ba. Manhajoji irin KVM da Proxmox da VMware suna ba da damar raba na'ura ɗaya zuwa kwamfutoci da yawa, kuma abu ne mai amfani ƙwarai, amma idan ƙarfen da yake ɗauke da su ya mutu, duka 3 sun tafi tare. A rarraba su a kan na'urori daban-daban.

Wane irin furosesa, wato ƙwaƙwalwar lissafin na'urar, ya dace?

Aikin sabar gaba ƙananan buƙatu ne masu ɗimbin yawa waɗanda ba su dogara da juna ba, saboda haka yawan ƙwayoyin furosesa yana da amfani, amma ba sai an kai ƙololuwa ba. Furosesa ɗaya na Intel Xeon ko AMD EPYC mai ƙwayoyi 8 zuwa 16 yakan wadatar da shafin makaranta ko asibiti matsakaici, musamman idan nauyin lissafin yana baya. Na'ura mai gurbin furosesa 2 tana ƙara cin wuta da fitar da zafi, kuma kuɗin furosesa na biyu ya fi amfani idan aka zuba shi a sabar da za ta zama ta uku. Abin da ya fi cin ƙarfin furosesa a nan shi ne kullewa da buɗe saƙonni ta tsarin TLS, wanda sigarsa ta 1.3 ta fito a 2018. Tun daga 2010 Intel ta fara saka umarnin AES-NI a cikin furosesocinta don sauƙaƙa wannan aiki, AMD ma ta bi sahu, don haka duk sabar zamani tana yin sa ba tare da wani kati na musamman ba.

RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi da na'ura take aiki a cikinta, nawa ake buƙata, kuma dole ne ta zama ECC, mai gyara kuskure?

Gigabait 32 zuwa 64 ya isa a mafi yawan lokuta, kuma abin da ya yi rara ba asara ba ne, domin tsarin Linux yakan yi amfani da shi wajen riƙe fayilolin da aka fi nema don kada a riƙa komawa faifai. ECC kuwa ba abin sasantawa ba ne. Irin wannan RAM tana gyara kuskuren bit ɗaya da kanta, tana kuma gano na bit 2, ta rubuta rahoto wanda zai nuna wane sanda ne ya fara lalacewa tun kafin ya kayar da na'urar. Kwamfutar ofis da aka mayar da ita saba yawanci ba ta da wannan.

Faifai fa?

A nan ne ya kamata a yi tsimi. Ƙananan faifan SSD guda 2 masu gigabait 240 ko 480, waɗanda aka haɗa su a tsarin RAID 1 yadda kowane yake kwafin ɗan'uwansa, sun isa ɗaukar tsarin aiki da manhaja. Abin da yake cika faifan sabar gaba shi ne rajistar masu ziyara, don haka a riƙa kwashe ta zuwa wata na'ura. Wannan rajista tana ɗauke da adireshin intanet na mutane, wani lokaci har da lambobinsu, saboda haka Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya ta 2023 ta shafe ta, kuma faifan da aka daina amfani da shi sai an goge shi sosai kafin ya bar ɗakin.

Katin sadarwa mai gigabit nawa za a nema?

A nemi kati mai baki 2 na gigabit 10, ko na 25 idan suwic ɗin yana da shi, a kuma kai kowane baki suwic daban idan hali ya yi. Sai dai a sani cewa a Zariya da wuya katin ya zama wurin da aka maƙale. Tun da bit 8 ne suke yin bait 1, layin gigabit 1 yana wuce kimanin megabait 125 a daƙiƙa, wanda yake nufin shafi mai nauyin megabait 2 zai iya fita sau 60 da ɗoriya a kowace daƙiƙa. Layin megabit 155 kuwa, wanda cibiyoyi da dama suke haya, bai kai megabait 20 a daƙiƙa ba, wato ƙasa da shafuka 10 irin wancan. Cibiyar da layinta na waje yake haka, ko ta saka katin gigabit 100 ba abin da zai canza. Rage nauyin hotunan shafi da matse rubutu kafin a aika sun fi sabon kati tasiri, kuma ba sa cin ko kwabo. Amfanin gigabit 10 yana cikin gida ne, tsakanin sabar gaba da na baya.

Sai an sayi na'urar raba lodi ta musamman?

Kamfanoni irin F5 suna sayar da na'urori don wannan aiki kaɗai, wato rarraba masu ziyara tsakanin sabobin gaba, kuma bankuna da manyan kamfanoni suna amfani da su. Ga yawancin cibiyoyin Zariya, HAProxy ko Nginx a kan ƙananan sabobi 2 sun wadatar, tare da manhajar Keepalived wadda take sa su riƙe adireshi ɗaya, idan ta farko ta yi shiru ta biyu ta ɗauke shi cikin 'yan daƙiƙoƙi. Abin kiyayewa shi ne kada mai raba lodin ya zama guda ɗaya tak, domin an koma matsalar da aka gudo daga gare ta ke nan.

Yaya za a yi da matsalar wuta?

Kowace saba ta zo da akwatin wuta 2, wato sassan da suke ba ta wuta, waɗanda ake iya zare ɗaya a saka wani ba tare da an kashe ta ba. Amfaninsu yana fitowa ne kawai idan kowane yana shan wuta daga hanya daban, wato layi daban da UPS daban, na'urar batir da take riƙe wuta idan an ɗauke. Abin da aka fi gani a ƙananan ɗakuna shi ne wayoyin 2 sun taru a soket ɗaya a bayan rak, wanda yake nufin ranar da fis ɗin soket ɗin ya ƙone, na'urar ta mutu da akwatunanta 2 lafiya lau.

UPS ɗin ya zama irin wanda kullum yake juya wutar da ta shigo zuwa ta batir sannan ya sake mayar da ita, domin shi ne yake tace hawa da saukar wuta, kuma ba ya barin giɓi lokacin da aka ɗauke. Aikinsa ya riƙe ɗakin na 'yan mintoci har janareta ya tashi ya daidaita, ba ya maye gurbin janareta ba. Batiransa na dalma ba sa son zafi ko kaɗan: ƙa'idar da masu sana'ar suke bi ita ce duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 a kan digiri 25 yana raba rayuwar batir gida 2, saboda haka ajiye su a ɗakin da ba a sanyaya shi a watan Afrilu almubazzaranci ne.

Masu tunanin sola su yi lissafi tukuna. Sabobi 10 masu cin watt 300 kowace kilowatt 3 ke nan, kuma tun da ba sa barci, suna shan kilowatt-awa 72 a kwana, ban da na'urorin sanyi. Wannan ne ya sa ingancin akwatin wuta yake da tasiri: mai shaidar 80 PLUS Platinum yana isar da kashi 94 cikin 100 na wutar da ya sha idan yana rabin lodi a kan volt 230 irin namu, na Titanium kuma kashi 96.

Sai tsawa a damina. Wayar ƙasa mai kyau da na'urar tare ƙarfin tsawa a allon wuta wajibi ne, kuma duk layin sadarwa da zai fita daga gini zuwa gini ya zama na faiba, domin wayar tagulla da aka ratsa da ita ta sararin fili ita ce hanyar da tsawa take bi ta ƙone bakin suwic.

Wane zafi sabobi suke jurewa, kuma me ƙurar hunturu take yi musu?

Ƙungiyar injiniyoyi ta ASHRAE ta Amurka ta ba da shawarar iskar da take shiga gaban na'ura ta kasance tsakanin digiri 18 da 27, kuma yawancin sabobi an yi su ne su jure har 35. A Zariya zafin Maris da Afrilu yakan doshi 40 a waje, don haka ɗakin da na'urar sanyinsa ta tsaya da rana ba ya ɗaukar dogon lokaci kafin ya wuce iyaka. Duk watt ɗin da saba ta sha zafi yake komawa. Kilowatt 3 ɗin nan suna fitar da zafi kimanin 10,200 a awa a ma'aunin BTU, alhali na'urar sanyin da 'yan kasuwa suke kira mai ƙarfin doki 1 kimanin 9,000 take cirewa, kafin a ƙara zafin UPS da wanda yake ratsowa ta rufin kwano. A saka aƙalla guda 2 waɗanda kowace za ta iya riƙe ɗakin ita kaɗai, a tabbatar suna tashi da kansu idan wuta ta dawo, kuma kada a rataye ko ɗaya a saman rak, domin ranar da bututun ruwanta ya toshe a kan na'urori zai zuba.

Sabobi suna jan iska ta gaba su fitar ta baya, saboda haka a jera su fuska ɗaya, a kuma toshe duk gurbin da babu na'ura da faranti, in ba haka ba iska mai zafi za ta zagayo ta gurbin ta sake shiga.

Ƙura ta fi zafi ɓarna domin a hankali take aiki. Wanda ya buɗe murfin sabar da ta yi hunturu 2 a ɗaki mai taga zai tarar da ita ta cike tsakanin haƙoran ƙarfen da yake sanyaya furosesa, ta daskare a gefen da yake fuskantar fanka har yatsa yana iya ɓanɓaro ta a dunƙule, ta kuma kwanta a kan sandunan RAM. Alamar farko ita ce ƙara: ƙananan fankokin 1U, waɗanda sukan wuce juyi 15,000 a minti, sai su riƙa kuka ba sassauci ko da babu lodi, daga nan furosesa ya fara rage gudu don kare kansa. Maganin shi ne a toshe tagogi da ƙasan ƙofa, a wanke matatar na'urar sanyi a kai a kai daga Nuwamba zuwa Fabrairu, a hana shara da tsintsiya a ɗakin, sannan idan hunturu ya wuce a fitar da sabobin ɗaya bayan ɗaya a hure su a waje, ana riƙe da fankokin don kada iskar ta juya su fiye da ƙima. Bushewar iskar hunturu tana kuma tara wutar jiki wadda take iya kashe RAM da taɓawa ɗaya, don haka mai gyara ya ɗaura igiyar sauke ta a wuyan hannu.

Sabobin gwanjo suna da amfani?

A matsayin sabar gaba suna da amfani fiye da ko'ina, tun da an riga an tsara cewa faɗuwar ɗaya ba za ta tsayar da aiki ba. R640 da DL360 Gen10, waɗanda suka fito a 2017, suna da yawa a kasuwar na hannu kuma suna iya aikin. A sayi sababbin SSD, a duba rahoton lafiyar da na'urar ta adana, a karanta takardar jikin akwatin wuta a tabbatar yana karɓar volt 230, a kuma sayi guda ɗaya ta ƙari wadda za a riƙa cirar kayan gyara a jikinta. Waɗanda suka girmi waɗannan sosai sukan ci wutar da cikin 'yan shekaru za ta cinye rangwamen da aka samu, kuma kamfanin ya daina fitar musu da gyaran tsaro.

Mene ne amfanin ƙaramin bakin sadarwa da yake ware a bayan na'ura?

Na ƙaramar kwamfutar kulawa ce da take cikin sabar, wadda Dell take kira iDRAC, HPE kuma iLO. Tana aiki ko da sabar a kashe take, muddin akwai wuta, kuma da ita ma'aikaci yake iya kunna na'ura, ya ga allonta, ya karanta zafinta daga gidansa a Tudun Wada da tsakar dare. Duk wanda ya mallake ta ya mallaki sabar, saboda haka a canza kalmar sirrin da ta zo da ita, a ware mata layi na daban, kuma kada a taɓa buɗe ta ga intanet kai tsaye.

Ana buƙatar katin GPU, wato na sarrafa hotuna da lissafi mai nauyi?

A'a. Miƙa shafuka da raba lodi ba aikinsa ba ne.

Ya fi kyau a ajiye sabobin a Zariya, ko a kai su haya Abuja ko Legas?

Ya danganta da inda masu amfani suke. Haske yana tafiyar kimanin kilomita 200,000 a daƙiƙa a cikin faiba, don haka kowane kilomita 1,000 yana ƙara milidaƙiƙa 10 zuwa da dawowa. Nisan Legas ke nan ba abin damuwa ba ne, kuma manyan cibiyoyin haya irin Rack Centre a can, da Galaxy Backbone a Abuja, suna da wuta da sanyi da layuka da yawa waɗanda ƙaramin ɗaki ba zai iya kwatantawa ba. Shafin da jama'a daga ko'ina cikin ƙasa suke nema ya fi dacewa da can. Wanda kuwa ma'aikatan cikin harabar asibiti ko makaranta suke amfani da shi dare da rana ya fi dacewa da gida, domin yana ci gaba da aiki ko masu gyaran hanya sun tsinke faiba. Abin da bai kamata ba shi ne a raba sabar gaba da rumbun bayananta, ɗaya a Legas ɗaya a Zariya, domin shafi ɗaya yana iya yi wa rumbun tambayoyi 50, kowace kuma sai ta ci lokacin zuwa da dawowa. Masu ajiye komai a Turai su tuna 14 ga Maris 2024, ranar da wayoyin ƙarƙashin teku na WACS da MainOne da SAT-3 da ACE suka samu matsala a gaɓar Afirka ta Yamma, intanet ya yi rauni a Nijeriya na kwanaki.

Wane gwaji za a yi kafin a sa hannu cewa an karɓi kaya?

A haɗa komai yadda zai yi aiki, a ɗora masa lodin gwaji da manhaja irin JMeter har ya kai abin da ake tsammani a ranar cunkoso, sannan a fara cire abubuwa da hannu alhali ɗan kwangilar yana tsaye. A zare wayar wuta ɗaya, a mayar, a zare ɗayar. A cire wayar sadarwa ɗaya. A zaro SSD ɗaya a ga ko fitilar gargaɗi ta kama kuma saƙo ya iso wayar mai kula. A kashe saba ɗaya ɗungurungum a duba ko mai raba lodi ya daina tura mata mutane. Daga ƙarshe a kashe babban makunnin wutar ginin a ƙirga daƙiƙoƙin da janareta ya ɗauka kafin ya karɓa, a kuma tsaya a ga na'urorin sanyi sun tashi da kansu. A rubuta lambar kowace na'ura da ranar ƙarewar garantinta a takardar karɓa, a maimaita gwajin wutar sau ɗaya kafin kowace rajista.